Sun ce ina juya musu 'ya'ya: in yi shiru ko in buɗe baki?

Mama, gaisuwa da fatan alheri. Ni tela ce a Asawase, nan Kumasi. Iyayena daga wajen Bolgatanga suka zo, amma a Zango aka haife ni, da Hausa na buɗe baki. Kirista ce ni, haka ma mijina. Shekarata 14 da buɗe shago, ina da 'yan koyo bakwai, biyar daga cikinsu Musulmi.

Wata biyu da suka wuce ɗaya ta yanke jiki ta faɗi tana cikin guga. Na ruɗe, na shafa mata man zafi a goshi, na yi addu'a da ƙarfi cikin sunan Yesu, na sa ta a tasi zuwa asibiti, na biya daga aljihuna. Likita ya ce ƙarancin jini ne. Bayan mako guda sai ga saƙon murya yana yawo a WhatsApp, wai ina shafa wa yara man fasto, ina kai su coci a ɓoye, har na sa an yi wa biyu baftisma. Abin da na sani shi ne bara, ranar auren 'yar yayata, yaran duka sun bi ni coci domin su suka ɗinka kayan amarya. Ban tambayi iyayensu ba, ban ɗauki abin a bakin komai ba.

Yanzu an janye yara uku. Masu kawo ɗinki sun ragu, ga azumi ya ƙarato, ɗinkin Sallah kuwa shi ne rabin abincinmu na shekara. Abin da ya fi ƙona mini rai, a cocinmu ma akwai masu cewa na kusa musulunta, saboda ina yafa mayafi, ina cewa "in Allah ya yarda", ina raba koko da ƙosai lokacin buɗa baki. Mijina ya ce mu kwashe kekuna mu koma unguwar Kwadaso. Ƙanwata ta ce in yi nawa saƙon muryar in tona asirin wata tela da nake zargi. Ni kuwa na ce na bar wa Allah, yadda Yesu ya yi shiru a gaban Bilatus. Amma ba na barci. Har na daina bin layin gidan yarinyar. Me zan yi?

Mai ɗinki daga Asawase

'Yata, sannu da wannan ɗawainiya. Sau uku na karanta wasiƙarki, kuma kowane karo wuri ɗaya nake tsayawa, wato inda kika ce kin daina bin layin gidan yarinyar. Wanda ya bar wa Allah da gaske yakan samu barci, yakan kuma bi hanyar da ya saba bi. Ke kin sake hanya, idonki biyu har asuba. Kada ki ji haushina in na ce shirun nan naki tsoro ne ya yafa mayafin haƙuri.

Ba daga nesa na san shi ba. Lokacin da nake koyarwa a wata firamare an taɓa yaɗa cewa na ci kuɗin jarrabawar yara. Rasit ɗin duka suna cikin gwangwanin madara a ƙarƙashin gadona, amma na yi wata huɗu ban ce uffan ba, ina gaya wa kaina gicciye nake ɗauka. Ashe idon shugaban makarantar nake tsoro. Ran da na zazzage gwangwanin a gaban iyayen yara, ko rabin sa'a ba a yi ba magana ta mutu. Akwai dai mace ɗaya da har ta koma ga Allah ba ta sake amsa gaisuwata ba. Ki riƙe wannan, zan dawo kansa.

Kin kawo shirun Ubangijinmu a gaban Bilatus, kuma gaskiya ne, Matiyu sura 27 ta ce bai amsa ko ƙara ɗaya ba har gwamnan ya yi mamaki. Amma ki buɗe Yohanna sura 18 ki ga abin da ya faru a daren, kafin gari ya waye. Wani dogari ya mare shi a gaban babban firist, bai kuwa haɗiye ba. Ya ce masa in ba daidai ya faɗa ba a nuna inda ya kuskure, in kuwa daidai ya faɗa to marin na mene ne. Mutum ɗaya, dare ɗaya, ya yi magana a nan, ya yi shiru a can. Ya yi shiru a gaban waɗanda suka riga suka yanke hukunci suka nemo shaidun zur, a kan hanyar da shi da kansa ya zaɓi ya bi. Iyayen yaranki ba Bilatus ba ne. Mutane ne da suka ji baki ɗaya, suka tsorata, suka jira su ji naki, ba su ji ba. A Zango kin san yadda ake fassara wannan: in da ba ta yi ba, ai da ta zo.

Hannatu ta fi kama da ke. Tana addu'a a Shilo, leɓunanta na motsi ba a jin murya, Eli firist ya ɗauka ta yi tatul da giya, ya tsawata mata. Ba ta tashi ta fita tana kuka ba, ba ta kuma zage shi ba. Ta ce a'a, ranka ya daɗe, ban sha komai ba, baƙin ciki ne ya ishe ni nake zuba shi a gaban Ubangiji. Tsohon ya gane, ya sa mata albarka. Bulus kuma, da aka yi musu bulala shi da Sila a Filibi ba tare da shari'a ba, washegari mahukunta suka aiko a sake su a asirce, ya ce allambaram, yadda aka doke su a bainar jama'a haka za a zo a fitar da su. Littafin Karin Magana ma ya jera ayoyi biyu kusa da juna a sura 26, ɗaya ta ce kada ka amsa wa wawa bisa ga wautarsa, mai bi mata ta ce ka amsa masa. An bar mana aikin gane wanda ke gabanmu. A naki lamarin, mai saƙon murya ba ta cancanci amsa ba. Uwar yarinyar da ta faɗi a shagonki ta cancanta tun wata biyu da suka wuce.

Kafin ki je, akwai abin da za ki zauna ki tsefe, kuma a nan ne yawancinmu Kirista muke zamewa. Muna son ayar nan ta Matiyu sura 5 mai cewa masu albarka ne mu in an zage mu an yi mana ƙage. Amma ayar tana da sharaɗi biyu: maganar ta zama ƙarya, kuma saboda Almasihu aka yi ta. Bitrus ya ƙara fito da ita fili a wasiƙarsa ta fari, sura 4. Ya ce kada waninku ya sha wuya a kan kisan kai ko sata ko mugunta, sai ya ƙara da abin da ba mu cika karantawa da ƙarfi ba, wato shisshigi cikin sha'anin mutane. To, man fasto ƙarya ne. Baftisma ƙarya ce. Amma kwasar 'ya'yan mutane biyar zuwa coci ba tare da an gaya wa iyayensu ba, wannan ya faru, kuma kuskure ne. Na san da zuciya ɗaya kika yi, biki ne, yara suna son su ga rigar da suka ɗinka a jikin amarya. Duk da haka sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ki juya abin: 'yarki tana koyon kitso a wurin wata Hajiya, sai bayan shekara ki ji a bakin wasu cewa an shiga da ita masallaci. Ko don taron ɗaurin aure ne, da gabanki ya faɗi.

Ki kuma duba daga inda tsoronsu ya taso. Ke a Asawase kina jin ku ne 'yan tsiraru, kuma haka ne. Amma ƙidayar 2021 ta nuna kashi 71 cikin ɗari na mutanen Ghana Kirista ne, Musulmi kuwa kusan kashi 20. Da zarar ɗan Zango ya tsallake unguwa ya shiga makaranta ko asibiti ko ofis, shi ne ɗan tsiraru, da waƙar coci ake buɗe masa taron safe. A azumin shekarar 2021 ɗin nan ƙasa ta ɗauki zafi a kan wata makarantar 'yan mata ta mishan a Cape Coast da ta hana ɗaliba Musulma yin azumi. Iyaye ba su manta ba. Uban da ya biya kuɗin koyo ya damƙa miki 'yarsa shekara uku, amana ya ba ki, fargabarsa kuma ba ƙiyayya ba ce.

Saboda haka ki je. Kada ki aika, kada ki buga waya. Ki nemi dattijuwa Musulma wadda ta san ki tun kina ɗaukar almakashi da hannu biyu, cikin masu kawo miki ɗinki ba za a rasa ba, ki roƙe ta ta raka ki. Ku fara da uwa, da hantsi, lokacin da gida ya yi sauƙi. In ta ce sai maigida, mijinki ya nemi mai unguwa ko wani dattijo su same shi bayan la'asar, da ɗan goro a hannu yadda aka saba. Kada ki tafi da fasto, zuwansa zai zama tamkar shaida ga masu ƙage. Amma ki sanar da shi tukuna, domin duk cocin da ya san abin da yake yi yana da littafin baftisma, in iyayen sun so a buɗe musu a gaban wanda suka yarda da shi. Ki riƙe katin asibiti da takardar magani, har da kwalbar man zafin in tana nan.

Maganar da za ki yi gajeriya ce. Ranar biki na tafi da 'yarku coci ban nemi izininku ba, na yi kuskure, ku gafarce ni, ba zai sake faruwa ba. Man da na shafa mata ga shi, na zafi ne, a kanti na saya. Ba a yi wa kowa baftisma ba. Shi ke nan. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle waɗannan ba wada ba ne, maƙwabtanki ne.

Yanzu ga wurin da ƙafa za ta yi rawa. Za a tambaye ki, watakila uban, watakila wata gwaggo daga bayan labule: da sunan wa kika yi addu'ar? Zuciya za ta raya miki ki ce ai Allah kawai na kira, domin a wuce wurin. Kada ki yi. Bitrus ba a gaban sarki ya yi musun Ubangiji ba, a bakin wuta ne, a gaban wata baranya, a kan tambaya ƙarama irin wannan. Ki ce: da sunan Yesu na yi, ni Kirista ce, kun sani tun ran da kuka kawo ta. Yarinya ta faɗi a gabana, na ɗauka za ta mutu, na kira wanda na saba kira. A ganina babu abin neman gafara a nan, kuma ba na jin dattijon kirki zai nema. Da ke ce kika suma a gidansu, uwar nan za ta tofa miki abin da ta sani, ki farfaɗo ki yi mata godiya. Ƙarfin halin da bangaskiya take bayarwa shi ne ki iya faɗin "na yi kuskure" da "ni ta Almasihu ce" a zama ɗaya, da murya ɗaya, ba ki ɗaga ta a ɗaya ki sassauta a ɗaya ba. Mai tsoro ɗaya kawai yake iya faɗa: ko ya ba da haƙuri har ya sayar da imaninsa, ko ya kare imaninsa har ya kasa ganin laifinsa.

Shawarar ƙanwarki kuwa, a'a. Zargi kike yi, ba ki gani ba. In kika ambaci sunan telar nan alhali ba ita ba ce, kin yi mata abin da aka yi miki. In ma ita ce, kin ba ta abin da take nema, wato Zango ya zauna kallon teloli biyu suna tsiya. Magana zarar bunu ce. In wasu suka ce miki ki kai ƙara wurin 'yan sanda kuma, ki sani tun 2001 aka soke dokar da ta mai da ɓata suna laifin ɗauri a ƙasar nan. Abin da ya rage shi ne ƙarar neman diyya, wadda za ta ci kuɗin lauya da watanni, ki kuma wayi gari kin maka maƙwabta a kotu. In dai har wani ya yi miki barazana ko ya taɓa shago, wannan dabam ne, ranar ki kai rahoto.

Game da komawa Kwadaso, ki zauna da mijinki ku karanta Nehemiya sura 6 tare, da ƙarfi, ba sauri. Mutumin yana gina garun Urushalima, Sanballat da Geshem suka aiko masa sau huɗu ya sauko a yi magana, yana ce musu babban aiki nake yi, ba zan sauko ba. Karo na biyar Sanballat ya aiko da wasiƙa a buɗe, ba hatimi, domin duk wanda ta bi ta hannunsa ya karanta. Saƙon murya ke nan na wancan zamani. A ciki an ce ana ta faɗa a cikin al'ummai, Geshem ma ya faɗa, wai kana shirin tawaye kana so ka zama sarki. Ki lura da "ana ta faɗa", har yau da ita ake fara kowace ƙarya. Nehemiya ya mayar da amsa sau ɗaya, ya ce ba a yi haka ba, daga zuciyarka ka ƙago, ya roƙi Allah ya ƙarfafa hannunsa, ya koma kan dutse da laka. Daga baya wani ya zo masa da sifar mai ƙauna ya ce zo mu ɓuya a Haikali mu kulle ƙofa, za a kashe ka. Ya ce mutum kamata ya gudu? Cikin kwana 52 aka gama garun. Kuma shi wannan Nehemiya, a surar da ta gabata, da talakawa suka yi kuka a kan bashi, ya faɗa a gaban taro cewa shi ma da mutanensa suna ba da rance, bai ware kansa ba. Mijinki don ƙauna ya faɗa, kuma in nan da shekara ciniki ya nuna Kwadaso ta fi, ku koma da rana tsaka, ku yi sallama gida gida. Amma in kun kwashe kekuna a watan nan, kun sa hannu a kan ƙagen, 'yan koyo huɗun da iyayensu suka tsaya miki kuma kun bar su a tsakiyar hanya ba yaye.

Mutanen cocinku ba za su ci mini wuri da yawa ba. Masu jin yaren Twi sun saba da Onyame, sunan Allah a yarensu, in sun ji "Allah" a bakinki sai su ɗauka kalmar masallaci ce kaɗai. Ki nuna musu Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara bugawa cikakke tun 1932: Allah ne a ciki daga ayar farko ta Farawa. "In Allah ya yarda" kuwa Yakubu ne ya umarce mu da ita a sura 4 ta wasiƙarsa. Ki gaya wa fasto da shugabar zumuntar mata abin da ke faruwa, sau ɗaya, su san nauyin da kike ɗauke da shi. Mayafinki da kokon buɗa baki kuwa kada ki fasa ko ɗaya. A Ista ta 2019 Babban Limamin ƙasa, Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu, yana cika shekara 100, ya shiga cocin Katolika na Christ the King a Akra ya zauna cikin jama'a. Wasu suka yi ta surutu, aka bayyana cewa ziyarar zumunci ce, tsohon ya ci gaba da harkarsa. In mai shekara ɗari bai tsira daga bakin mutane ba, ke da ni ba za mu tsira ba.

Na ce zan dawo kan matar da ba ta sake gaishe ni ba. Ba zan yi miki alkawarin yara ukun za su dawo ba. Watakila ɗaya ta dawo, watakila babu. Muna yawan cewa ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wani ramin yakan fi ran mai shi tsawo. Maƙwabtanmu Musulmi suna karantawa a Suratu Yusuf cewa matar da ta yi wa Yusufu ƙage ta amsa laifinta a gaban sarki. A namu littafin Farawa ba a ba mu wannan ba. Yusufu ya fito daga kurkuku ya zama na biyu a Masar, amma babu inda aka ce matar Fotifar ta buɗe baki ta wanke shi. Ya rayu, ya yi aiki, ya ciyar da ƙasa, da tabon a jikin sunansa. Abin da ke hannunki shi ne ki faɗi gaskiya ga masu hakkin ji. Ko za su karɓa, wannan ba a kekenki ake ɗinka shi ba.

A shago kuma ki gyara tsari tun kafin azumi ya kama. In lokacin salla ya yi, mai salla ta ajiye aiki ta tafi ba sai ta roƙa ba. Addu'arki ta safe ki yi ta kafin yara su iso, ko ki yi a kujerarki, ba wadda za a tilasta ta ce amin. Rediyo a riƙa juya tasha. Duk inda za a fita da yarinya, ko kasuwar Kejetia ce sayen zare da zif, iyayenta su san da shi. Ki faɗa wa iyayen huɗun da suka rage wannan da bakinki.

Abu na ƙarshe, wanda na ga kowa ya manta da shi cikin hayaniyar, har da ke. Yarinya ce ta faɗi saboda jininta ya yi ƙasa, ga azumi yana zuwa. Ta shanye maganin? An koma an sake auna jinin? Ita ce kuma ake nunawa da baki a layi, ana cewa ga wadda aka shafa wa mai. In kin shiga gidan, bayan gaisuwa, kafin ki ce komai a kan kanki, ki tambayi jikinta, ki gaya wa uwar abin da likita ya faɗa miki ranar, domin mai yiwuwa ba wanda ya taɓa gaya mata dalla-dalla. Ki bi ta layin gobe. Bayan Sallah ki rubuto mini in ji yadda kuka yi.